Usur ɗin 'Yan Sabulu

Akwai wata ƙungiyar ƙwallo da ma'aikatan wani kamfanin sabulu suka kafa a bayan katangar kamfanin. Kamfanin ya daɗe da rufewa, amma suna ya manne musu: 'Yan Sabulu. Shekara arba'in da ɗoriya suna rukuni na uku. Duk kakar wasa sai su faro da ƙarfi, ana dab da ƙarewa su sulɓe, abokan hamayya su yi ta tsokanarsu wai santsin sana'a ne ya biyo su fili.

Koci huɗu suka yi. Na farko direban kamfanin ne, dabararsa guda ce tak: a daka ƙwallo gaba, a bi ta da gudu. Na biyu malamin lissafi ne, wanda in an tashi canjaras har murmushi yake yi. Na uku tela ne, bai taɓa cin kofi ba, amma a zamaninsa ba a ga ɗan wasa da yagaggiyar riga ba. Na huɗu shi ne dattijon da kowa ke kira Kawu. Shekara ashirin da biyu ya yi a kan benci.

Suna da wata al'ada tun daga direba. Akwai tsohon usur na ƙarfe, gefensa a lotse, muryarsa a dishe. Duk kocin da zai sauka, ko da korarsa aka yi, shi zai miƙa wa sabo usur ɗin hannu da hannu. Sannan su zaga fili sau ɗaya, su biyu kaɗai, tsohon ya faɗa wa sabon abu guda da bai taɓa faɗa wa kowa ba game da aikin. Suna kiranta maganar usur.

Kawu kuwa akwai tabon da ya bi shi shekara goma sha biyar. A wata kaka, wasa ɗaya ya rage su hau rukuni na biyu. Suna da ɗan gaba mai suna Walƙiya, wanda shi ya ci musu rabin ƙwallayensu. Ranar wasan, Kawu ya zaunar da shi a benci, ya ce yau ba ya cikin tsarinsa. Aka ci su ɗaya da nema.

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce ya sayar da wasa, wasu suka ce hassada ce. Har a kasuwa an yi wa matarsa habaici. Kawu bai tanka wa kowa ba. Walƙiya kuwa wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi bayan wata biyu, ya tafi ko sallama bai yi wa Kawu ba.

To, shi wannan Walƙiyan ne shugabannin ƙungiya suka ɗauko ya maye gurbin Kawu. Ya dawo da takardar shaidar horarwa, da agogon awon gudu a wuya, da tsohuwar ƙullatarsa tana nan ɗanya.

Ranar atisayen Walƙiya na farko, Kawu ya zo da wankakkiyar riga, usur a naɗe cikin hankici. Ya tsaya a bakin layi har aka tashi, sannan ya matso yana murmushi.

"Ɗana, barka da dawowa. Ga amanarka. Zo mu ɗan zaga."

Walƙiya ya dubi hankicin, ya dubi 'yan wasan da suka yi cirko-cirko.

"Kawu, ina da usur. Nawa yana ƙara. Shawara kuma, mun ga inda taka ta kai mu."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Kawu ya mayar da hankicin aljihu, ya ce ba komai, zai dawo in an sami sarari.

Ya kuwa dawo. Mako na gaba aka ce koci yana taro. Na gaba da shi, mai gadi ya tare shi a ƙofa yana ta ba shi haƙuri, ya ce an hana kowa shiga lokacin atisaye. Wallahi ni wannan wurin ne ya fi ci mini rai: mutumin da ya kafa turakun ragar filin da hannunsa, shi ne yake leƙe ta ɓular katanga.

Matarsa ta ce ya aika da usur ɗin ta hannun wani ya huta. Ya ce mata usur ai ƙarfe ne, ko a bola ana tsintarsa. Maganar ce nauyin, kuma ba a aika ta. Ga shi hawan jini ya sa shi gaba, tsoronsa ɗaya kada ya mutu da ita a ciki.

A gaskiya Walƙiya ya iya aikinsa, ba za a hana shi wannan ba. A kakarsa ta farko 'Yan Sabulu suka daina santsi. Aka wayi gari wasa ɗaya ya rage su hau rukuni na biyu, kamar wancan karon.

Ɗan gabansu a lokacin wani magidanci ne mai sana'ar walda, ana kiransa Mai Walda, matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba. Kwana uku kafin wasa gwiwarsa ta kumbura suntum. Mai duba lafiyar 'yan wasa ya ce a hutar da shi, in ya ƙara samun bugu a wurin abin ba zai yi kyau ba. Mai Walda da kansa ya roƙi a sa shi. Walƙiya ya tuna ranar da ya zauna a benci yana cizon yatsa, ya ce shi ba zai yi wa kowa abin da aka yi masa ba. Aka yi wa Mai Walda allurar kashe zafi, aka ɗaure gwiwa, ya shiga.

Minti na saba'in ya jefa ƙwallo a raga. Minti na saba'in da takwas mai tsaron baya ya haɗa da shi, ya faɗi, bai tashi ba. Aka tashi ɗaya da nema. Bayan shekara arba'in, 'Yan Sabulu sun hau. Jama'a suka ɗaga Walƙiya a kafaɗa, motar asibiti kuma ta fita ta ƙofar baya.

Washegari da hantsi Walƙiya ya je asibiti duba Mai Walda. Likita ya gaya masa ƙwallo kam ta ƙare, tafiya ma sai da sanda, tsugunon walda kuwa sai dai a nemi wata sana'a. Matar Mai Walda tana zaune da jariri a cinya, gaisuwarsa kawai ta amsa.

Yana fitowa baranda ya ci karo da matar Kawu riƙe da kwanon abinci. A nan ya ji cewa kwana tara ke nan Kawu yana kwance a ɗakin ƙarshe. Ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke.

Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, ba ni ya kamata in faɗa maka ba, amma mai faɗar ba shi da baki yanzu. Ka tuna gwiwarka ta hagu?"

Walƙiya bai taɓa gaya wa kowa ciwon gwiwar nan ba.

Ta ce Kawu ya gane tun ranar da ya ga yana hawa matakala da ƙafa ɗaya. Ya je ya tambayi likita a ɓoye, aka ce masa bugu ɗaya ya isa ya nakasa yaron. Ga wakilan babbar ƙungiyar nan suna zawarcinsa. In ya sa shi, ƙafa za ta tafi. In ya ce rauni ne, za su fasa ɗaukarsa. Sai ya zaɓi ya ce ba ya cikin tsari, a zage shi shi kaɗai. Ita ma ba gaya mata ya yi ba, a bakin likitan ta ji bayan shekaru.

"Da ka zaga filin nan da shi sau ɗaya," in ji ta, "da yaron can yana tsaye da ƙafarsa."

Walƙiya ya shiga ɗakin ya durƙusa a gefen gado. Ya ce, "Kawu, na zo mu zaga." Daga nan kuka ya ci ƙarfinsa.

Kawu ya dube shi. Da hannun da ya rage masa ya laluba ƙarƙashin matashi, ya jawo hankicin, ya sa masa a tafi. Leɓensa ya motsa, ba abin da ya fito. Sai ya sauke hannun a kan gwiwar Walƙiya ta hagu, ya ɗan bubbuga ta sau biyu.

Bayan kwana huɗu Allah ya yi masa rasuwa.

Yau 'Yan Sabulu suna rukuni na biyu, Walƙiya ne kocinsu, tsohon usur ne a wuyansa. 'Yan wasa suna ƙorafin ba sa jin ƙararsa, ya ƙi canzawa. Duk ranar atisaye, kafin kowa ya iso, yakan zaga filin sau ɗaya. Wani lokaci Mai Walda yana biye da shi, yana dogara sanda.

Darasi: Idan babba ya ce ka tsaya ka ji wata magana, ka tsaya, ko da kana ganin ka fi shi ilimi, ko da kana jin haushinsa. Wanda kake zaton ya tauye ka, wataƙila shi ya tare maka abin da ba ka gani ba. Kuma ba kofin da ya kai lafiyar mutum. Ku tura wa wani ya karanta, sannan ku je ku saurari dattijon da kuka daɗe kuna ce wa sai an sami sarari.