Kumatun Vule a Allon Shago

Akwai wani maƙwabcinmu a birnin Niš, Milisav, mai gasa burek, wato gashin fulawa mai cuku a ciki, wanda babu irinsa a unguwa. Ga mai har gwiwar hannu, cuku kamar ba da kuɗi ake saye ba.

Ɗansa ɗaya ne, Vule. Tun yana shekara uku Milisav ya ɗauki hoton kumatunsa ya manna a allon shago. Ciniki kuwa ya buɗe.

Mu ma ba mu da bakin magana, wallahi. Duk wanda ya shigo sai ya ja kumatun yaron ya ce, "Ina Sarkin Tumbi? A yanko masa, ni zan biya!" Ni kaina na saya masa ya fi a ƙirga.

Uwarsa Jagoda ta sha cewa, "Milisav, yaron nan haki yake yi a matakala."

"Ke dai kin cika tsoro. Ɗan mai burek ya rame, wa zai yarda da burek ɗin?"

Da ya cika shekara shida aka kai shi gwajin lafiya na shiga firamare. Likita ta auna jininsa sau biyu, ta tura su hoton ciki. Da sakamako ya fito ta dubi Milisav.

"Jininsa ya hau, kitse ya fara rufe masa hanta. Idan aka ci gaba a haka, ciwon sukari na nan tafe. Wa ke ciyar da shi?"

Milisav ya kama hannun ɗansa suka fita.

A hanyar gida ya durƙusa gaban yaron. "Daga yau miyar wake da ganye za mu ci, ni da kai. Kullum da yamma mu taka zuwa bakin kogi."

Idon Vule ya kawo ruwa.

"Baba, idan na rame mutane za su daina zuwa shagon ko? Ko na ƙoshi ina cinyewa ne don kada su daina."

Milisav ya fashe da kuka a tsakiyar titi. Ranar da Jagoda ta ba ni labarin, kunya ta hana ni haɗa ido da ita.

Darasi: Yaro yana cin abin da ya ga yana faranta wa manya rai, ko da yana cutar da shi. Ƙibar ƙaramin yaro ba abin wasa ba ce. Ku tura wa duk mai cewa "ƙara loma ɗaya", ku fara da irina.