Kason Malam Jatau a Watanda

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso ku daina tsokanar juna.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Wani malamin lissafi ne a ƙaramar sakandare, sunansa Malam Jatau. Baki kamar rediyo, kai kuwa fanko. Kullum yana koya wa yara wai ɗaya bisa goma ya fi ɗaya bisa biyu, tunda goma ta fi biyu. Ran nan sai Lantana, 'yar Sarkin Fawa, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, a gidanmu in masu rabo suka yi yawa, tsokar ƙanƙancewa take yi."

Sai ya ce, "Jaka! Nan mahauta ce?" Ya zabga mata bulala uku.

Ana nan, sai Sallah ta matso. Iyayen yara suka yi watanda, suka kayar da bijimi. Suka ce don girmamawa, Malam ya faɗi kasonsa da bakinsa. Wayyo daɗi! Sai ya aika wa surukansa su zo cin nama, ya sa matarsa ta aro tukunyar biki, ya tafi wurin rabo yana baza riga.

Sarkin Fawa ya ce, "Allah gafarta Malam, a ba ka ɗaya bisa huɗu?"

Sai ya ce, "Huɗu? Ni za ka raina?"

"To, ɗaya bisa hamsin?"

"Ƙara dai, kada ka yi mini rowa."

Mutane suka fara tarin ƙarya, suna sunkuyar da kai. Sarkin Fawa ya ce, "Malam, ka dai sake tunani."

Sai ya bugi ƙirji ya ce, "Ni ke koyar da lissafi ko kai? Ɗaya bisa dubu nake so, jama'a ku shaida!"

Jama'a suka ce sun shaida. Sai Sarkin Fawa ya sa wuƙa, ya yanko wata 'yar tsoka da ba ta cika tafin hannu ba, ya miƙa masa. Malam ya dubi tsoka, ya dubi mutane. Don girman kai sai ya karɓa, ya kama hanya.

Ya isa gida, ga surukai cike da tabarma, ga tukunya tana tafasa. Kunya ta kama shi kamar ƙasa ta tsage. Uban matarsa ya leƙa hannunsa ya ce, "Ɗanɗano ne wannan? Ina naman?"

Sai Malam ya ce, "Baba, ai a lissafi wannan ne kaso mafi girma."

Tsoho ya gyara zama ya ce, "Madalla. Mu goma sha biyu ne. Raba mana shi, Malam, kowa ya samu ƙato."

Ƙurunƙus kan kusu, shi ma kada ku yarda a raba muku shi dubu. In za ku koya wa wani lamba, ku fara yanka lemo ku gani da idonku.