Zakaran Tambai a Gaban Dagaci

Dagacin Rafin Gawo ya ji a bakin wani direban tirela cewa akwai ƙasashen da ko zakara ba ya cara sai yadda doka ta ce. Abin ya burge shi, ya sa aka yi shela: duk zakaran da ya yi cara kafin dagaci ya farka, tukunyar dagaci ce makomarsa.

Washegari aka gurfanar da Tambai mai daddawa, rungume da jan zakaranta.

Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, wa ya ji carar?"

"Ni da kunnena! Shi ya tashe ni!"

"Allah sarki. Farkonta ka ji ko ƙarshenta?"

Dagaci ya sosa ƙeya. "Ƙarshenta."

"To lokacin ai ka farka, doka ba ta hana ba. Farkon kuwa kana barci." Ta juya wajen liman. "Allah gafarta malam, ana karɓar shaidar mai barci?"

Liman ya danne dariya. "Ko a mafarki ba a karɓa."

Wani bafade ya zabura. "Ni na ji farkon!"

Tambai ta ce, "Madalla. Yaya aka yi ka san dagaci yana barci? Ɗakinsa kake leƙawa da asuba?"

Dagaci ya zuba masa ido. Bafade ya ce, "Wallahi ban ji komai ba!"

Sai zakara ya miƙe wuya ya rangaɗa cara a tsakiyar fada.

Tambai ta ce, "Yauwa, ranka ya daɗe, wannan kam ka ji ta tun daga farko. Barka da tashi!"