Takwarorin Malam Haladu

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, ana ce masa Malam Haladu. Malamin jami'a ne, karatunsa duk a kan baƙi yake: 'yan ci-rani, 'yan gudun hijira, me suke ci, ina suke kwana, wa ke duba su in sun kwanta ciwo. Ni ban yi boko ba, amma zaman baƙunci ba mai koya mini shi. Na tsallake hamada a bayan akori-kura, abokan tafiyata da yawa suna can ƙarƙashin rairayi, ni kuwa ga ni da haƙorana. To ku saurara.

Yana da abokin aiki, Dakta Bashari, fanninsu ɗaya. Duk abin da Haladu ya samu, ko gaisuwa ce, sai ya tsaya wa Bashari a wuya.

Sai aka ce kujerar farfesa ɗaya ce tak, su biyun za su zauna gaban manya a tantance. Haladu har furfura ya yi yana jiran wannan rana. Ranar ta zo, ya sa babbar riga, sai ga saƙo daga zangon baƙi: wani mai ga-ruwa ya rasu a asibiti, ba dangi, an hana gawa sai wani sananne ya tsaya. Haladu ya juya mota. Ya karɓo gawar, ya tuɓe babbar rigar, shi ya yi mata wanka, da kafaɗarsa aka kai ta makwanci. Kafin ya dawo manya sun tashi. Bashari ya zama farfesa.

Kuna tsammani Bashari ya huta? Ina. Bayan 'yan shekaru labari ya iske shi cewa a zango duk namijin da aka haifa Haladu ake raɗa masa. Ka tsaya bakin layi ka kira Haladu, yara su fito kamar an watsa wa kaji tsaba. Abinci ya daina yi wa farfesa daɗi. Ya lodo buhunan shinkafa da mai ɗaukar hoto, ya je wurin Baba Tahiru, dattijon zango. Ya zagaya, ya zagaya, daga ƙarshe ya ce in an sake haihuwar namiji, ai Bashari ma suna ne mai kyau.

Baba Tahiru ya yi godiyar shinkafa, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, mu nan ba ma sa wa ɗa sunan wanda ya ciyar da mu. Sunan wanda ya binne namu muke sawa. In an yi rasuwa za mu aiko maka."

Aka yi rasuwar, aka aika. Ya ce yana da taro.

Jama'a, hassada ba ta ƙoshi. Ka ba ta kujera, ta nemi sunan da ke bakin mutane. Kai da ke jin zafin yabon da ake wa maƙwabcinka, kafin ka yi baƙin ciki, je ka tambayi abin da ya bari ya wuce shi kafin a yabe shi. In za ka iya, tashi ka yi. In ba za ka iya ba, ka yi masa addu'a ka kama bakinka.