Kemis ɗin Shamsuddeen da ciwon ƙaninsa

Akwai wani mai kemis a Agege, sunansa Shamsuddeen. Shekara goma sha biyu yana sayar da magani, har 'yan unguwa suna ce masa Dokta, shi kuma bai taɓa musawa ba.

Ranar da gwaji ya nuna ƙaninsa Saminu, direban danfo, wato bas ɗin haya na Legas, yana ɗauke da cutar kanjamau, wurinsa ya fara zuwa. Ya ce masa an tura shi babban asibiti ya ga likitan da ya ƙware a kan cutar.

Shamsuddeen ya ce, "Ka je ka yi layi duk Legas ta gan ka? Me suka sani da ban sani ba? Ni zan riƙa samo maka ƙwayoyin."

Haka aka yi shekara biyu, babu gwajin jini ko sau ɗaya. Da tari ya kama Saminu, Shamsuddeen ya ƙara masa maganin tarin fuka da ka.

Saminu ya rame, ƙafafunsa suka kumbura. Matarsa Kalsum, wadda ta san komai tun farko, ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri, yau asibiti za mu."

Su ukun sun wuni a layi, domin Dokta Fareeda ce kaɗai ƙwararriya a sashen ranar. Da ta zazzage ledar magungunan a tebur, sai ta ɗago kai.

"Wa ya haɗa masa waɗannan?"

"Ni ne," in ji Shamsuddeen.

"Malam, wannan na tarin yana rage ƙarfin wancan. Mu idan za mu haɗa su, sai mun gyara adadin, muna kuma bibiyar jini da ƙoda."

Sakamako ya fito bayan kwanaki. Ƙwayar cutar ta cika jinin Saminu, ƙodarsa ta taɓu. Likitar ta sa aka gwada Kalsum, wadda a baya ba ta da komai. Ita ma ta kamu.

"Da cutar ta kwanta a jininsa yadda ya kamata, da wuya ta same ta," in ji likitar a hankali.

 Shamsuddeen ya sulale ƙasa yana "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Kalsum ba ta yi kuka ba. Ta dube shi ta ce, "Yaya, ashe ba ka sani ba? Me ya hana ka ce ba ka sani ba?"

An sauya wa Saminu magani, an ɗora Kalsum a kan nata. Sun samu sauƙi, amma Saminu bai sake iya tuƙa danfo ba.

Darasi: Sayar da magani daban, sanin cuta daban. Mai kanjamau yana buƙatar ƙwararren likita da zai riƙa bibiyarsa, kuma muna roƙon hukumomi su ƙara mana irinsu. Kada kunya ta hana ka layin asibiti. Tura wa 'yan uwa, wataƙila ka ceci gida guda.