Hawainiyar da Ta Sauke Ƙafar Gwanki

An yi wani Gwanki a wani daji mai yawan aduwa, ƙato, mai ƙahoni kamar lauje. Shi ne jagoran dabbobi idan za a yi ƙaura. Ƙarfi kam Allah ya ba shi, amma girman kansa ya fi ƙarfin yawa.

Duk shekara, idan tafki ya fara zama taɓo, dabbobin sukan yi tafiyar kwana uku zuwa babban kogi. Hanyar fili ce fetal, ba ruwa ba inuwa. Wanda ya faɗi a can, ungulaye ne ke yi masa zaman makoki.

Saboda haka suna da al'ada. Kafin a tashi, kowa sai ya bi ta gaban Inna Hawainiya, wata tsohuwa mai sanyin tafiya. Ba ta da magani ko ƙulli ɗaya. Aikinta nemo inda ciwo ya ɓuya. Idan ta gano, sai ta tura ka wurin Biri wanzami, mai aska da saiwoyi.

A shekarar nan Gwanki yana da abin da yake ɓoyewa. Ya kutsa cikin ƙaya kwanakin baya, tun daga nan wani zafi yake yawo masa a gaban jiki, shi kansa bai san takamaiman wurin ba. Bai faɗa wa kowa ba.

Yana tsaye aka kira Barewa, mai ladabi da saurin tsorata.

"Ɗaga ƙafarki ta gaba, 'yar nan," in ji Inna. "Riƙe ta kawai. Ban da kokawa, ban da riƙe numfashi."

Inna ta hau wani kututture, ta ɗora ɗan hannunta a gwiwar Barewa.

"Kai hancinki haƙarƙari."

Barewa ta kai. Inna ta danna, ƙafa ta tsaya ƙyam.

"To, kai shi cinyar hagu."

Barewa ta kai. Inna ta danna da yatsu biyu, sai ga ƙafa ta sauka ƙasa kamar ganyen da ya ji rana.

Barewa ta zaro ido. "Inna, wallahi ban sake ta ba!"

"Na sani. Jikinki ne ya sake ta. Baki yana iya ɓoyewa, jiki bai iya ba. Wuce wurin Biri, Sarkin Aska."

Biri ya buɗa gashin cinyar, ya zaro wata kaska da ta nutse cikin fata, ya shafa magani. Kowa na ta salati. Gwanki ma abin ya ba shi tsoro. Amma sai ya tuna idanun da ke kansa. Yaya za a ce abar da ba ta kai kunnensa girma ba ta sauke masa ƙafa a gaban jama'a?

Da layi ya zo kansa, ya jingina da gindin aduwa, ya ɗaga ƙafa, ya cije haƙora, ya haɗiye numfashi.

"Kai hancinka kafaɗar dama," in ji Inna.

Yana kaiwa ya ji kamar an soka masa wuta. Ƙafar ta so ta sauka, ya ƙanƙame ta da dukan ƙarfin bayansa. Inna ta danna da yatsu biyu, ƙafar ba ta motsa ba.

Ta juya ido ɗaya ta dube shi, ɗayan ya dubi bishiyar.

"Ɗan nan, matsa daga jikin itacen. Ka yi numfashi."

"Tsohuwa, kin gaza ne kawai!" Gwanki ya yi dariya. "Ki je ki ci gaba da danna ƙafar fara. Ni kika ga na yi kama da majinyaci?"

"Jikinka yana so ya yi magana, ka toshe masa baki."

"Jikina ni yake yi wa biyayya. Ku tashi mu tafi!"

Ranar farko ya yi gaba, ƙura na tashi a bayansa. Rana ta biyu da hantsi zazzaɓi ya rufe shi. Kafin azahar, a tsakiyar fili, gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya zube. Da ya ɗaga ido sai ya ga ungulaye uku suna kewaya sama.

Dabbobi ba su iya tsayawa ba, don ƙishirwa za ta kashe ƙanana. Suka bi ta gefensa suka wuce. Barewa ce kaɗai ta tsaya, Inna na bisa bayanta, Biri na biye da zabirarsa.

Biri ya kewaya shi sau biyu, ya dafa nan ya dafa can.

"Ba kumburi, ba jini. Yallaɓai, jikin nan naka kamar rumbu, a ina zan tsaga? In na bi shi da aska ko'ina, ai na taya ungulaye aiki."

Gwanki ya dubi Inna. Muryarsa ta koma kamar ta ɗan akuya.

"Inna, ki yi mini rai."

"Yau ka san sunana? Miƙo ƙafar hagu, tana da sauran ƙarfi."

Ya miƙa daga kwance. Babu itacen jingina, babu ƙarfin yin ƙarya. Ya kai hanci ƙirji, ta danna, ƙafa ta tsaya tana rawa. Ya kai wuya, ta tsaya. Ya kai kafaɗar dama, can ƙasa kusa da hammata.

Inna ta ɗora yatsa ɗaya.

Ƙafar nan da ta taɓa karya haƙarƙarin kura ta sauka a hankali, ta kwanta cikin ƙura. Gwanki ya bi ta da kallo, hawaye na zuba. Bai taɓa ganin abin da ya ba shi tsoro da mamaki irin wannan ba.

"Nan ne," in ji Inna. "Nawa ya ƙare. Sarkin Aska, bismilla."

Biri ya tsaga. Ruwan ciwo ya tsarto, a bayansa ƙayar aduwa mai tsawon ɗan yatsa. Ya matse wurin, ya cusa saiwa.

"Da jiya ne, da tsinke zan cire ta," in ji Biri. "Yau kuwa ta ci jijiya."

Gwanki ya isa kogi, amma a ƙarshen kowa, yana ɗingishi. Ɗingishin bai bar shi ba har ya tsufa, jagoranci kuma ya koma hannun wani. Duk shekara idan za a yi ƙaura, sai a gan shi can baya yana tafiya sannu sannu, Inna Hawainiya na zaune a kan ƙahonsa.

Darasin labarin nan, ku buɗe kunne don ba na maimaita magana: idan ana duba lafiyarku, kada ku ɗaure jiki don a ce ku jarumai ne. Ku faɗi inda ke ciwo tun yana ƙarami. Kuma wanda ya nuna wurin ciwo daban, mai cire ƙaya daban, kada ku tsaya wurin na farko ku ƙi zuwa wurin na biyu. Gwanki ya ci nasara a kan yatsa biyu na tsohuwa, ya biya da ƙafarsa.