Hannun Inna a Shafin Auta

Akwai wata yarinya mai ɗinki, ita ce ƙarama a ɗakinsu, shi ya sa kowa Auta yake ce mata. Yarinya ce mai hannu, in ta yanka yadi ba ta ɓarna, ba ta da rowa, ba ta da ƙiwa. Aibinta ɗaya ne, amma babba: kunyar inda ta fito take ji.

Shagonsu ɗan ɗaki ne a bakin titi, tsakanin mai faci da mai sayar da gawayi. Keke biyu ne a ciki. Na Auta na lantarki, na mahaifiyarta Inna kuwa na ƙafa, wanda in ana taka shi sai ka ce tsoho ne yake tari. Madubin gwaji ya tsage ta gefe. In iska ta taso sai an lulluɓe yadin mutane da tsohon zane saboda baƙin gawayi. A wannan ɗakin Inna ta ciyar da 'ya'yanta tun rasuwar ubansu, a nan kuma ta ɗora Auta a kan keke tun ƙafarta ba ta kai ƙasa ba. Abin da yake jawo musu mutane shi ne aikin wuyan riga da Inna take yi da allura da zare, wasu 'yan furanni ƙanana da babu injin da yake iya su.

Ana nan sai Auta ta buɗe abin nan da yaran yanzu suke kira bulog. Shago ne dai, amma a cikin waya. Kai za ka zaɓi fentinsa, ka rubuta sunansa, ka jera kayanka. Ta ɓata lokaci tana gyara shi, ta sa masa launin zinariya, ta ƙawata rubutun suna har da lanƙwasa. Sannan ta haɗa shi da sababbin shafukanta na sada zumunta, yadda in ta saka abu wuri guda, da kansa zai watsu ko'ina, kamar an buɗe famfo ɗaya ruwa ya shiga kowane gida. Shafi ɗaya ta ware ba ta haɗa ba: tsohon shafinta, inda dangi da maƙwabta suke. Ta san abin da ya sa.

Da aka zo wurin saka hoton shago, ta ɗaga waya ta duba ɗakin ta ciki. Ga tsagaggen madubi, ga tayoyin mai faci ta ƙofa. Ta sauke wayar. Tana da wata ƙawa da take auren ɗan kwangila, mai falo da labule har ƙasa. Can ta kwashi riguna ta je ta ɗauki hotuna, ta rubuta cewa nan ne wurin aikinta. Ta ƙara da cewa a babbar makaranta ta koyi ɗinki.

Hoto ɗaya ne na gaskiya a shafin. Hannun Inna ne riƙe da allura a kan wuyan riga, ga jijiyoyi sun fito, ga tabon allura a yatsa. Auta ta daɗe tana kallonsa. Ta ga wannan hannun bai dace da wancan falon ba. Sai ta rubuta a ƙasansa: “Hannun tsohuwar ma'aikaciyata, ni na koya mata.”

Shi wannan hoton kuwa shi mutane suka fi so. Aiki ya fara shigowa kamar ruwan sama. Inna, da ba ta iya karatu ba, sai murna.

“Auta, wai duk a cikin 'yar wayar nan mutanen nan suke?”

“Duk a ciki, Inna.”

“Ikon Allah! To ki gaishe min da su.”

Tun daga nan Auta ba ta sake samun sukuni ba. Duk mai son ɗinki sai ta ce a turo mata kwatancen shago. Auta ta ce ana gyara. In an matsa, ta roƙi ƙawarta aron falo, ta ɗauki kaya a ka ta riga baƙuwa isa, ta zauna a kujerar mutane tana yi kamar tata. Waya in ta yi ƙara a shago, sai ta fita da gudu bayan gini, kada a ji kukan keken Inna ko bugun ƙarfen mai faci. Ta so ta goge maganar ma'aikaciyar, amma mutane sun riga sun tura wa juna. In ta goge za a tambaya, in ta bari tana ci mata rai. Ta zama gaba kura baya sayaki. Kowace ƙarya sai ta nemi 'yar'uwarta ta tallafe ta.

Ƙawar ma ta fara gajiya. “Ke 'yar nan,” ta ce mata, “maigidana ya fara tambaya ko kasuwa muka buɗe a falo. Kayan aro fa ba ya rufe katara.”

“Sau ɗaya ya rage, don Allah. Wata Hajiya ce, ta ce sai ta ga mai aikin wuyan da idonta.”

Haka Auta ta ce wa Inna su je gidan ƙawarta su haɗu da wata mai son ɗinki, wai shago ya yi mata nisa. A hanya ta ce, “In mun je kada ki yi magana da yawa. Manyan mutane ba sa son surutu.”

Inna ta dube ta, ta ci gaba da tafiya.

Hajiyar mace ce mai fara'a. Ta kama hannun Inna tana jujjuyawa. “Baba, ashe ke ce! Kin daɗe kina yi mata aiki?”

Inna ta yi dariya. “Ai Hajiya, tun ba ta san kanta ba nake yi mata aiki.”

Aka yi dariya. Auta ma ta yi dariyar dole. Ta yi maza ta jawo yadi ta sako zancen zare, ba ta bari sun sake haɗa baki ba har aka tashi.

Suka kamo hanyar dawowa. Sai da suka hango tayoyin mai faci Inna ta ce, “Auta, yau tunda muka shiga gidan nan, ko sau ɗaya ba ki ce min Inna ba.”

“Mantuwa ce, Inna.”

“To. Allah ya raba mu da irin wannan mantuwa.”

A nan ya kamata ta durƙusa ta faɗi gaskiya. Bakinta ya buɗe, girman kai ya rufe shi.

Bayan 'yan kwanaki ta zauna sake wa shafin fasali, don ta ga na wata ya fi nata kyau. Tana cikin gyara wayar ta tambaye ta ko a haɗa duk shafukanta. Hankalinta yana kan launi, ta danna ba ta karanta ba. Da ta gama, ta sake ɗora hoton hannun nan a sama, tunda shi ne mai jawo kasuwa. Famfo ya buɗe. Wannan karon ruwan har cikin gida.

Washegari da hantsi sai ga Gwaggo, ƙanwar ubanta, mace mai baki kamar reza. Ko sallamar kirki ba ta yi ba ta ɗaga waya.

“Ina shugabar kamfanin? Na zo neman aiki ne, na ji ana ɗaukar tsofaffi.”

Inna ta ɗago daga kan aikinta. “Lafiya, kike shigowa kamar an koro ki?”

“Ina fa lafiya! Wannan ba hannunki ba ne? Ga tabon allurarki nan. Dangi kaf sun gani. Bari in karanta miki abin da 'yarki ta rubuta.”

“A'a,” in ji Inna a hankali. “Miƙa mata wayar. Auta, karanta min da bakinki.”

Ƙofa ɗaya ce a shagon, Gwaggo ta tsaya a cikinta, ga mai faci ya leƙo da ƙarfe a hannu. Auta ta duba hagu, ta duba dama, bango ne. Ta karanta. Kalma bayan kalma, har “ni na koya mata.”

Inna ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta soke allurar a jikin rigar da take yi, furen ko rabi bai kai ba. Ta cire tabarau ta naɗe. Ta ɗauko tsohon zanen nan ta lulluɓe kekenta, ta gyara gefe da gefe kamar mai rufa wa jariri.

“To,” ta ce, “ma'aikaciya ta gaji. Ki nemi wata ki koya mata.”

A ranar ta koma gidan babban ɗanta.

Auta ta goge hoton a bulog, sai ta tarar yana nan a sauran shafukan. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, amma na wayoyin mutane fa? Ga riguna jere a igiya, wuyansu fayau ba fure. Ta ɗauki allura ta gwada, furen ya fito kamar an taka shi, don lokacin da ya kamata ta zauna ta koya, tana can tana zaɓen launin shafi. Ta mayar wa mutane yadinsu, har da na Hajiya.

Daga ƙarshe ta ɗauki hoton shagon yadda yake, da madubin da gawayin da komai, ta rubuta cewa wancan hannun na mahaifiyarta ne, kuma duk abin da ta iya a wurinta ta koya. Sannan ta je gidan yayanta ta durƙusa ta kama ƙafar Inna.

Inna ta shafa kanta. “Tashi, Autata. Na yafe miki tun kafin in kai bakin titi. Uwa ba ta riƙe ɗanta.”

“To ki dawo shago, Inna.”

Inna ta ɗaga hannunta tana kallo. “Ni na yafe. Shi ne dai in ya ɗauki allura sai ya hau rawa.”

Har yau Auta tana ɗinki a ɗan shagon nan. Kowace safiya takan kakkaɓe gawayin da ya sauka a kan zanen, amma ba ta taɓa yaye shi ba.

To 'ya'yana, ku da kuke kwana da waya ku tashi da ita, ku ji da kyau. Buɗe shafi ba laifi ba ne, tallar sana'a ma ba laifi ba ce. Amma ku nuna abin da kuke da shi, ko da tsagaggen madubi ne. Wanda ya gina gida da ƙarya, shi ne farkon wanda za a kulle a ciki. Kuma abin da ba za ku iya karantawa a gaban uwarku ba, kada yatsanku ya rubuta shi. Waya ba ta mantuwa, uwa kuwa tana yafewa, amma ba duk abin da aka yafe ba ne yake komawa yadda yake.